Tallafi Ne Ko Bashi? Muhawara Kan Harajin Shekarar Korona

Mai Shagon Yadi: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Raina a ɓace yake, domin da safiyar yau masu karɓar haraji suka zo shagona a Kantin Kwari da takardar kuɗin bara, babu ragin ko sisin kwabo, tamkar 2020 shekara ce irin kowace. Duk wanda yake Kano ya san tun 16 ga Afrilu aka saka dokar kulle, ba a ɗage ta baki ɗaya ba sai farkon Yuli. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, alhali a waɗannan makonnin ne mai yadi yake yin cinikin da zai riƙe shi rabin shekara. Kafin nan kuma, tun 1 ga Fabrairu aka ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, da annoba ta shigo ba a jingine ƙarin ba. Maganata ita ce, abin da gwamnati ta karɓa daga hannun talaka a shekarar korona ya fi ɗan tallafin da ta ce ta ba shi. Wanda yake da ja ya kawo hujja.

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Sai dai ban yarda da kiransa "ɗan tallafi" ba. A watan Yuni majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokacin, Yemi Osinbajo, ya tsara. Tun a watan Maris Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, ya kuma rage kuɗin ruwan basussukansa na musamman daga kashi 9 zuwa kashi 5. Duk an yi haka ne a shekarar da farashin ɗanyen mai ya faɗi, har kasafin da aka gina a kan dala 57 kowace ganga sai da aka mayar da shi kan dala 28.

Malamar Makaranta: Baba, ka yi mini aikin gafara, amma biliyan 50 ɗin da ka ambata ba tallafi ba ne, bashi ne. Bahaushe bai rasa kalmomi ba: akwai kyauta, akwai gudummawa, akwai rance, akwai bashi, kowanne da mazauninsa. Kuɗin da aka ba mutum aka sa masa lokacin biya, aka ɗora masa ruwa, ba zai zama tallafi ba don kawai an rubuta haka a sanarwa. Ni abin da ya fi damuna shi ne, mata da yawa a unguwarmu sun cike takardun suna zaton rabonsu ne na arzikin ƙasa, kuma ranar da aka zo neman biya za su gane ba haka ba ne.

Tsohon Akanta: 'Yata, mu koma asalin kalmar. Idan kin ga mutum kaya ya rinjaye shi kika sa hannu kika tare, kin tallafe shi, ko da daga baya za ki janye hannunki. Wanda shagonsa ke shirin durƙushewa aka ba shi jari da ruwan da babu bankin kasuwancin da zai ba shi a kan haka, tare da jinkirin fara biya, an tallafe shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ita kanta gwamnatin a watan Afrilu dala biliyan 3.4 ta ranto daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Malamar Makaranta: To ai ka faɗa da bakinka, Baba: gwamnati "ta ranto". Me ya sa idan ita ce ta karɓa ake cewa rance, idan talaka ne ya karɓa a ce tallafi?

Ɗalibin Ilimi: Malama ta yi gaskiya, kuma akwai abin da ku duka kuka tsallake. Duk bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, kashi 5 ne ko kashi 1, saboda haka mutane da dama a Arewa sun ƙi nema tun farko domin tsare addininsu. Abin da mutum ba zai iya taɓawa ba sai ya saɓa wa Ubangijinsa, ta yaya za a lissafa shi cikin abin da aka ba shi?

Masoyin Baba (Buhari): Ustaz, a riƙa faɗin magana cikakkiya. Babban Banki ya fitar da tsarin da babu ruwa a cikinsa daga baya, domin irin wannan koken. Ita kuma Malama na lura ba ta ambaci naira 20,000 da ma'aikatar jinƙai, ƙarƙashin ministarta ta lokacin Hajiya Sadiya Umar Farouq, ta raba wa gidajen marasa galihu ba, ba ta ambaci shirin Survival Fund na biliyan 75 domin ceto ƙananan sana'o'i ba, ba ta ambaci ayyuka 774,000, mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma ba. Waɗannan ai babu wanda aka ce ya biya. Amma mun san masu irin wannan magana, tun zaɓen 2019 ba su huce ba, ko zuma Shugaba Buhari ya raba a lokacin, da sun ce maɗaci ne.

Malamar Makaranta: Ɗan'uwa, ba ka san wanda na zaɓa ba, kuma ban ba ka izinin ka sa ni a jam'iyyar kowa ba. Ka janye wannan maganar.

Direban Tasha: Ni dai ba ni da ilimin lissafi, amma a tasharmu mutum biyu na ji an ce sun samu naira 30,000 ɗin da aka ware wa masu sana'ar hannu da masu sufuri, kuma ko su ban ga saƙon da idona ba. Abin da na gani da idona shi ne litar fetur da aka saukar daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris, lokacin da aka hana mu tafiya, sannan ta haura naira 150 a watan Satumba, lokacin da muka koma kan hanya. A watan ne kuma aka ƙara kuɗin wuta.

Masoyin Baba: Yaya Direba, "na ji an ce" ba hujja ba ce. Ni maƙwabcina tela ya samu.

Uwar Marayu: Ɗana, maƙwabcinka ɗaya shi ma ba hujja ba ne. Tunda tallafi ake magana, ina a ce an fara da abincin da aka gani jibge a rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna a watan Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa bayan zanga-zangar EndSARS. Mu da muka yi azumin kulle da yara a ɗaki mun san abin da buhun shinkafa ɗaya zai yi a watan Mayu.

Masoyin Baba: Hajiya, yawancin kayan nan na CACOVID ne, haɗakar 'yan kasuwa da bankuna, kuma gwamnonin jihohi aka damƙa wa rabonsu. Su gwamnonin sun ce sun ajiye wani kaso ne domin tsoron dawowar cutar. Laifin, idan akwai, ba na Abuja ba ne. Waɗanda suka fasa kuwa ɓarayi ne.

Uwar Marayu: Ka iya bakinka. Mai jin yunwa da ya ɗauki abin da aka tara da sunansa ba zan kira shi ɓarawo ba.

Mai Shagon Yadi: Jama'a, ni fa a kan haraji na yi tambaya, har yanzu babu wanda ya ce mini komai game da takardar da ke hannuna.

Tsohon Akanta: Alhaji, dokar da ta ƙara VAT ita ce kuma a wancan lokacin ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba. Amma ina so Malama ta fara amsa mini: idan ba tallafi ba ne, me za ta kira rancen da aka sauƙaƙa?

Malamar Makaranta: Rance, Baba.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da ya fito fili shi ne gwamnati ta yi bakin ƙoƙarinta a shekarar da kuɗin shigarta ya karye, kuma Baba Akanta, wanda ya fi mu sanin wannan fanni, ya kawo alƙaluman da babu wanda ya iya musantawa. Malama ta tsaya kan kalma ɗaya, wanda a ganina bambancin lafazi ne kawai, tunda kuɗin dai sun shiga hannun mutane. Batun rumbuna an bayyana cewa na jihohi ne, batun riba kuma an nuna an magance shi. Alhaji, koke irin naka a kai shi ofishin da ya rubuto takardar ta hannun shugabannin kasuwa, wataƙila a duba. Masoyin Baba bai yi nufin ɓata wa kowa ba, saboda haka ban ga buƙatar ya janye komai ba. Na rufe wannan batu, sai da safe.