Neman shawara: tafiyarmu Ƙudus ta faɗo cikin bukukuwan Yahudawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta yi Hajji, ta yi Umra, abin da ya rage mata a rai shi ne ta yi sallah a Masallacin Aƙsa, cikon masallatai ukun da ake ɗaura niyyar tafiya dominsu. Na yi tanadi shekara uku. Yanzu mai shirya tafiyar ya ba mu ranaku ta hanyar Jodan, sai wani ya ce min sun faɗo cikin Yom Kippur da Sukkot. Hajiya shekarunta 71, ga ciwon gwiwa. Mu je ko mu ɗaga?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka ɗaga. Yom Kippur ita ce rana mafi girma a wurinsu, ranar neman gafara, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha. Ƙasar tsayawa take cak: filin jirgin Ben Gurion a rufe, gadar Sarki Husaini da za ku tsallako daga Jodan ita ma a rufe. Kwana biyar bayan nan Sukkot ya shigo, mako guda, kuma lokacin ne Tsohon Birnin Ƙudus, inda masallacin yake, ke cika maƙil.

Maman Grace: Ni Kirista ce, na je ziyara lokacin Sukkot. A baranda da bakin titi sai ka ga 'yan bukkoki rufe da ganyen dabino, a ciki suke cin abinci, suna tuna shekaru 40 da Bani Isra'ila suka yi a jeji. Na je Bangon Yamma, wanda ku Musulmi kuke kira Bangon Buraƙa. Maza gefe, mata gefe. Wata tsohuwa kusa da ni ta naɗe 'yar takarda ta cusa a tsagar dutse, ta kifa goshinta tana kuka, da za ta tafi kuma da baya da baya ta riƙa ja. Amma ƙanena, lungunan nan duk matakala ne na dutse mai santsi. Cikin wannan turmutsitsi gwiwar Mama ba za ta ɗauka ba.

Malam na Zariya: Ka san tushen rikicin kafin ka je. Yahudawa sun yi imani a kan tudun da Masallacin Aƙsa yake aka gina Haikalinsu, wato babban ɗakin ibadarsu, wanda Rumawa suka rushe na biyun a shekara ta 70 miladiyya, can suke fuskanta idan suna addu'a. Mu kuma alƙiblarmu ta farko ce, wurin Isra'i. Tun 1967 Isra'ila ke riƙe da gabashin birnin. Hukumar waƙafi ta Jodan ke kula da masallacin, 'yan sandan Isra'ila ke tsaye a ƙofofi. A ranakun bukukuwa ƙungiyoyin Yahudawa kan shiga harabar da yawa, sai a tsananta wa Musulmi shiga. Sannan malamai sun yi saɓani kan ziyara ƙarƙashin mamaya, wasu sun hana, wasu na ganin ƙarfafa Falasɗinawa ne. Ka tuntuɓi malaminka.

Baban Ilham: Na manta, a ƙofa suna iya cewa ka karanta Fatiha don su tabbatar kai Musulmi ne. Ka gaya wa Hajiya kada ta firgita.

Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kira mai shirya tafiyar ya mayar mana Nuwamba. Da na faɗa wa Hajiya ta yi shiru, can ta ce Allah ya kai mu da rai.