Neman kalma: me za mu kira "revision" na marubuta da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka mini da kalma. Shekaranjiya ƙarfe biyun dare a nan, Yayana ya kira ni yana shirin fita makaranta, malamin Hausa ne a wata sakandare a Zariya. Ya ce, "Auta, me ya hana ki barci?" Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga aikin da nake yi wa wani labari da na rubuta, wanda Turawa ke kira "revision", ba ni da Hausarsa. Na ce bita nake yi. Ya ce jarrabawa gare ku? Na ce a'a, gyara dai. Ya ce me ya lalace? Nan muka cije.

2/ Aikin jinya nake karantawa a wata kwaleji a Amurka. Dole kowane ɗalibi ya ɗauki wasu darussan da ba na fanninsa ba, ni kuwa na zaɓi ajin ƙagaggen rubutu na 'yan farin shiga, wai in ɗan huta daga haddar sunayen ƙasusuwa. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

3/ Tsarin ajin gado ne daga Jami'ar Iowa, inda aka kafa shirin horar da marubuta a 1936, daga can ya bazu. Za ka rubuta labari, a raba wa kowa kwafi mako guda kafin ranarka. Ranar ta zo, a zauna a da'ira, a feɗe biri har wutsiya, kuma birin naka ne. Kai ba ka da bakin magana. Ba a yarda ka ce "ai abin da nake nufi shi ne kaza" ba. Biro da takarda kawai, kana rubuta abin da ake faɗa kana haɗiyar yawu. A ƙarshen zango sai ka miƙa daftarin farko da na ƙarshe tare, da 'yar wasiƙa mai bayanin abin da ka canza da dalilinka. A kan tazarar da ke tsakanin biyun ake ba da kaso mai tsoka na maki.

4/ Nawa labarin shafi 7 ne. Yarinya ce aka aika kai niƙa, kuɗin ya ɓata, ta wuni a waje tana tsoron komawa gida. Shafi uku na farko na ƙarar da su wajen zayyana gidan kakarta: zaure, rumbu, darbejiyar tsakar gida, har da bayanin mene ne injin niƙa don Amurkawa su gane. Kusan duk ajin bakinsu ya zo ɗaya: labarin bai tashi ba sai a shafi na 4, inda yarinyar ta laluba bakin zanenta ta ji ƙullin a kwance. Aka ba ni mako biyu.

5/ Me na yi da mako biyun? Na daidaita waƙafi, na gyara kalmomin da na rubuta ba daidai ba, inda kalma ta maimaitu na nemo 'yar'uwarta na sa. Na kai ina jin daɗi. Malamar ta jera tsohon da sabon a kan tebur, ta ce in nuna mata wuri ɗaya da mai karatu zai ji wani abin da bai ji ba a da. Na rasa. Sai ta rubuta tambaya ɗaya a gefen shafi na 4: in kuma yarinyar ce ta kashe kuɗin fa?

Gabana ya faɗi, don gaskiyar ke nan. Yarinyar ni ce, kuma alawar madara na saya da kuɗin ina 'yar shekara takwas. Na rubuta shafi 7 ina kāre kaina ban sani ba.

6/ Daga nan aikin ya zama wani abu dabam. Shafi ukun farko suka tafi gaba ɗaya. Labarin ya koma bakin yarinyar, tana cewa "ni" maimakon a ce "ita". Wunin da ta yi a waje ya tashi daga neman kuɗi ya koma ƙirƙirar ƙaryar da za ta faɗa. To wannan aikin nake nema wa suna. Turawa sun raba shi da aikin goge jimla, sun kuma raba shi da na farautar kurakuran rubutu. Tushen kalmar tasu daga Latin ne, ma'anarsa sake gani.

7/ Kada a ce neman suna ɓata lokaci ne. A 1980 wata mai bincike a Amurka, Nancy Sommers, ta wallafa nazarin da ta yi a kan ɗalibai 20 'yan shekarar farko da ƙwararrun marubuta 20. Ta gano ɗaliban ba sa ma amfani da kalmar da malamansu ke amfani da ita. Nasu sunayen suke ba aikin, irin su sokewa a sake, ko dubawa, kuma abin da suke yi bai wuce musayar kalma da kalma ba. Ƙwararrun kuwa siffar rubutun gaba ɗaya suke nema, suna ɗage wannan sashe su kai can, su zubar da wancan. Ni ma da na kira abin "gyara" a raina, gyaran na yi, ban ƙara ko taku ɗaya ba.

8/ Ga waɗanda na auna kafin in zo muku.

Gyara: tana nufin akwai abin da ya lalace. Labarina na farko kuwa babu kuskure ko ɗaya a cikinsa bayan na wanke shi, amma a mace yake.

Bita: kayan da ke kanta sun yi yawa. Bitar karatu, taron bita, bitar maniyyata, bitar 'yan wasa kafin a ɗauka. Kuma mai bita bin abu yake yi yadda yake, ba ya taɓa shi.

Kwaskwarima: wannan ai ita ce ainihin cutar da muke gudu. Hoda da jan baki.

9/ Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Bari in bi su.

Masu cewa "tacewa" kun fi kowa yawa. Kalma ce mai kyau, kuma marubuta da 'yan jarida sun riga sun riƙe ta. Sai dai ku tuna da matar da ke tace gasara: abin da ta zuba a abin tata shi ne zai fito, an dai rage dusa. Tata ba ta ƙara abin da babu. Ni kuwa alawar madarar nan ba ta cikin daftarin farko sam, daga baya ta shigo. Haka "tankaɗe da rairaya", duk ragewa ce. A bar tacewa a inda take, wato aikin goge jimla da rage surutu. Ta dace da wurin.

10/ Wani bawan Allah ya ce "garambawul". Na yi dariya, amma fa ya kusa. Bakanike ya sauke inji, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Matsalar ita ce kowane ƙarfe gurbinsa yake komawa, motar da ta shiga ita ce ta fito. Ga shi kuma 'yan jarida sun mayar da kalmar ta majalisar ministoci.

11/ Wani dattijo, daga maganarsa alaramma ne, ya kawo "tishi". Allah ya gafarta Malam, wannan ta tsaya mini a rai. Tishi shi ne a mayar da gari kan dutsen niƙa karo na biyu don ya yi laushi, daga nan aka samu tisa karatu. Labarina ma na niƙa ne, kamar an shirya. Amma a tsangaya mai tishi burinsa kada ko wasali ɗaya ya gusa daga inda yake, mu kuwa gusarwar muke nema. Haka "muraja'a" da wasu suka kawo. Sannan akwai ƙasashen da ke cewa tusa maimakon tisa, kuma mu ba ma rubuta karin sauti. Ku hango malama ta rubuta wa ɗalibi a ƙasan takarda, "Je ka tusa." Ajin ya tashi ke nan.

12/ Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta ce me zai hana a ce "sake rubutu" kawai a huta. Hajiya, na so hakan. Amma duk wanda ya yi firamare ya san "sake rubutawa" horo ne: malam ya ce rubutunka kamar tafiyar kaza, je ka kwafe shi da kyau. Ɗalibi zai ji kwafewa, ya kawo maka abin nan dai da kyakkyawan hannu.

13/ "Sake lale" kuwa ta yi nisa ta ɗaya ɓangaren. In an sake lale an watsar da wasan baya ne dungum, karta ta koma hannun sa'a. Marubuci ba ya watsar da kayansa haka.

14/ Yayana ya sake kira ɗazu, ashe yana bin zaren nan shiru. Ya ce, "Auta, kin manta abin da aka koya miki a aji huɗu? In za a yi nazarin littafi, me da me ake dubawa?" Na ce jigo, salo, zubi da tsari. Ya ce, "To tsaya nan. Me kika canza a labarin naki?" Na ce inda ya fara, da mai ba da shi, da yadda abubuwa ke bin juna. Ya ce, "Zubi ke nan. Kin sake zubi."

Yaya, na sara maka.

15/ Bari in faɗi dalilin da ya sa ta zauna mini, ban da cewa masu nazarin adabi sun riga sun san rabinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane, irin na Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga abin da idonsa. Ana danna ƙasa mai danshi a cikin akwati a jikin wata tukunya, a zare tukunyar a bar gurbinta, a narka alminiyam na gwangwanaye da tsofaffin kayan mota, a zuba ta wata 'yar kafa. In ta huce a fasa ƙasar. Wata ta fito da ɗan kaushi, a bi ta da zarto. Wata ta fito da 'yar huda, a liƙe. Wata kuwa ruwan bai zagaya ba, gefe guda ya shanye. Wannan maƙerin ba ya ɓata lokacinsa a kanta da zarto, kuma ba ya jefar da ita. Wuta yake mayar da ita. Ƙarfen na nan, ko ƙwaya bai yi asara ba, in bai isa ba ma ya ƙara wani a kai. Siffar ce ta narke.

Abin da na kasa ganewa ke nan mako biyu ina bin shanyayyar tukunya da zarto.

16/ Kuma kalmar tana haihuwa, abin da nake so ga sabuwar kalma ke nan. Zubin farko, zubi na biyu, zubin ƙarshe. "Daftari" na nan daram, ba korar ta na yi ba, amma a kunnena warin ofis take yi, daftarin kasafin kuɗi, daftarin doka. A aji zan fi son in ji an ce, "Wannan zubin farko ne, kada ku tsorata." Marubucin nan na Amurka, Ernest Hemingway, ya faɗa a wata hira a 1958 cewa shafin ƙarshe na wani littafinsa sau 39 ya rubuta shi. Da Hausa sai mu ce ya yi masa zubi 39, kowa ya gane ba tare da ƙarin bayani ba. "Sabon zubi" ma tana bakin mutane tun tuni.

17/ An kawo ƙorafi biyu. Na farko, wai zubi na adashe ne, in ka ce wa mace ta sake zubi jaka za ta laluba. Gaskiya ne, kuma 'yan marina ma suna da nasu zubin. Amma kalmar da ta zauna a maƙera da marina da adashe ba a taɓa rikicewa ba, ajin rubutu ba zai gagare ta ba.

Na biyu ya fi nauyi: waƙa fa? Wani ɗan'uwa ya ce rubutacciyar waƙa tana da ma'auni da amsa-amo, in ka narka ta ka rasa duka. Ni a ganina nan ma ta shiga. Wanda ya mayar da waƙarsa daga ƙwar biyu zuwa ƙwar biyar, ko ya canza harafin amsa-amo, ai ya fi mai zube sake zubi, don kowane baiti sai ya koma wuta. Amma ni ba mawaƙiya ba ce, sha'irai su yanke wannan.

18/ Wata marubuciya ta yi mini magana ta akwatin sirri, ta ce su masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp kowane dare, masu karatu na jira suna zuba sharhi, yaushe suka ga sararin wannan? Na fahimce ki, Anti. Wanda ya saki shafi na 12 jiya ba zai iya komawa ya kashe wanda ya auri tauraruwa a shafi na 5 ba. Sai dai in an zo haɗa shi ya zama littafi, wannan ce damar, kuma galibi tacewa kawai ake yi a wuce.

19/ Ga inda na tsaya, sai in wani ya zo da wadda ta fi:

Sake zubi, ga aikin da ke taɓa ginin labari.
Tacewa, ga jimla da zaɓen kalma.
Tsinta, ga bin layi-layi ana cire kurakuran ƙa'idojin rubutu, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa a faranti. Wannan ta ƙarshen wata ɗaliba daga Katsina ce ta kawo ta, ban canza komai ba.

20/ Na gwada ta a kan Inna da yamman nan, ita da ba ta san zaren nan ba. Na ce mata malamarmu ta ce in sake wa labarina zubi. Ta ce, "Au, na farkon bai yi ba ke nan." Ba ta tambayi jarrabawa ba, ba ta tambayi abin da ya lalace ba. Sai ta ce labarin mene ne. Na ce na wata yarinya ce da aka aika niƙa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wadda ta dawo da madara a gefen baki?"

Zubi na huɗu zan miƙa ranar Litinin, kuma da alama sai na buɗe wa uwar yarinyar wuri a ciki.