Hanyoyin BGP sun iso amma zango na gaba ba ya samuwa

Bakatsine: Salamu alaikum jama'a. Rauta biyu ne a AS ɗaya, wato hanyar sadarwa guda ƙarƙashin kulawa ɗaya. R1 na bakin iyaka tana karɓar hanyoyi daga ISP (kamfanin da ke ba mu intanet) ta eBGP, wato BGP, tsarin musayar hanyoyi, tsakanin AS daban-daban. R2 na ciki, tana karɓa daga R1 ta iBGP, wato BGP na cikin AS ɗaya. A R2 `show ip bgp` na nuna hanyoyin, amma babu alamar > a gabansu, wadda ke nuna hanyar da aka zaɓa, kuma ba sa shiga teburin hanyoyi. Daga ina ake farawa?

Injiniyan Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, buga `show ip bgp` tare da hanya ɗaya daga cikinsu, za ka ga "inaccessible" kusa da adireshin zango na gaba (next hop). Ita iBGP ba ta taɓa wannan adireshin. Yadda R1 ta karɓe shi daga ISP, a ce 203.0.113.1, haka ta miƙa wa R2, ita kuwa R2 ba ta san ta inda ake zuwa can ba. A R1 sa `neighbor 10.0.0.2 next-hop-self` (10.0.0.2 adireshin R2 ne) don R1 ta miƙa nata adireshin a matsayin zango na gaba, sai `clear ip bgp 10.0.0.2 soft out`. Kada ka manta da `soft out` ɗin, in ba haka ba zaman zai katse gaba ɗaya.

'Yar Maraɗi: Ana iya shigar da /30 ɗin (ƙaramin rukunin adireshi) da ke tsakaninku da ISP cikin OSPF, tsarin da rautocin ciki ke koyon hanyoyin juna, a sa `passive-interface` don kada a riƙa aika musu Hello. Yana aiki, amma shawarar Injiniya ta fi tsabta.

Bakatsine: Na sa, har yanzu shiru.

Injiniyan Zariya: To duba `show ip route 10.0.0.1` a R2. Wace hanya ta fito? In ba /32 ɗin loopback na R1 (adireshinta na kanta, 10.0.0.1) ba ce daga OSPF, matsalar ta sauka ƙasa, ga OSPF ɗin. Sai `show ip ospf neighbor`. In maƙwabciyar ta maƙale a EXSTART ko EXCHANGE, yawanci MTU, wato iyakar girman fakiti, ne bai zo ɗaya ba, gefe guda 1500, ɗayan ƙasa da haka. Daidaita su. `ip ospf mtu-ignore` rufa-rufa ce kawai, manyan fakiti za su ci gaba da faɗuwa.

Ɗan Fagge: Ƙari kaɗan, ranku ya daɗe. In R1 route reflector ce, wato mai maido da hanyoyin iBGP ga sauran rautocin ciki, `next-hop-self` ba ya shafar hanyoyin da take maido wa abokan iBGP, sai an rubuta `next-hop-self all`. Masu MikroTik kuma naku `nexthop-choice=force-self` ne. A Juniper irin waɗannan hanyoyin ɓoyewa suke yi, sai da `show route hidden` ake ganinsu.

Bakatsine: EXSTART ne kuwa. Na gode, bari in gyara MTU ɗin bayan sha biyun dare, lokacin da masu amfani suka ragu.