Soket ɗin kicin yana zafi har da ƙauri

Maman Iklima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk lokacin da na jona butar lantarki, kafin ruwa ya tafasa filogin ya yi zafi jau. Rami ɗaya na soket ɗin har ya yi baƙi, jiya kuma na ji ƙaurin roba. Hankalina ya tashi, ga yara a gida.

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki ƙara jona komai a ciki. Yawanci sukurun da ke riƙe waya ta baya ne ya yi sako-sako. Buta mai wat 2000 tana jan wuta kusan am 9 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) a kan bolt 230, wurin da bai ɗauru ba kuwa nan zafin yake taruwa. Mai gyara ya kashe bireka, ya gwada da testa, ya yanke inda wayar ta ƙone, ya canja soket da filogin duka.

Baban Sadik: A duba kaurin wayar ma. Nawa da aka buɗe, ashe siririyar waya 1.5 ta fitila aka ja maimakon mai kauri 2.5 ta soket, robarta ta bushe tana marmashewa a hannu.

Maman Iklima: Na gode, Allah ya saka. Na kashe birekar kicin, gobe mai gyara zai zo.