Agwagin nan masu farar gira na Daberam, ina suke tafiya?

Tsohon Hedimasta, Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, a yi haƙuri da tsoho.

Tun da na ajiye aiki likita ya ce in riƙa tattaki saboda sukari. Tattakin cikin gari bai yi mini ba, don gaisuwa ta fi tafiyar yawa. Shi ne ranar Asabar jikana kan goya ni a babur bayan asuba mu nufi dam ɗin Daberam, in bi bakin ruwa a ƙasa har rana ta ɗaga. Ɗana da ke Kaduna ya kawo mini madubin hangen nesa. Uwargida ta ce tsufa ne ya zo da sabon salo, ban musa mata ba.

Kirinjijiya na san ta tun ina yaro, ko ban gan ta ba fitonta kaɗai ya isa. Dinya, zalɓe, balbela, jinjimi, duk 'yan gida ne. Amma akwai wani ɗan agwagwa da bai kai kirinjijiya ba, kansa ruwan ƙasa, da farin layi daga saman ido har ƙeya kamar an ja da alli. Kukansa ma ba na agwagwa ba ne, ka ce yaro ne ke kaɗa kwalin ashana. Cikin Fabrairu na ƙirga har sittin na gaji. Asabar ɗin da ta wuce, ƙarshen Maris ke nan, bakwai na samu. Wani masunci ya ce mini Tafkin Chadi suke komawa in ruwa ya ja. Gaskiya ne? Sannan wani yaro ya nuna mini ɗan zoben ƙarfe mai lambobi da ya cire a ƙafar tsuntsun da ya harbo da danƙo. Wa ke sa wa tsuntsun daji zobe?

Ɗaliba mai karatun dabbobi, Katsina:

Wa alaikumus salam Baba. Yadda ka siffanta shi ko hoto sai haka. Turawa na kiransa gargani, kuma wanda ka gani namijin ne, macen ba ta da wannan kwalliya, shi ya sa wataƙila ka ƙirga ƙasa da yadda suke. Ba Chadi suka nufa ba, Baba, arewa suka yi. A Turai da Sibiriya ta ƙasar Rasha suke ƙyanƙyasa. In sanyi ya kama can, ruwa ya daskare, sai su ƙetaro Sahara su sauka a fadamun Sahel: bakin kogin Sanagal, fadamar kogin Neja a Mali, Hadeja zuwa Nguru, da Tafkin Chadi. Namu na dam-dam ɗin Katsina ɓurɓushi ne kawai. Wajen Oktoba suke isowa, Maris zuwa Afrilu su juya. Kafin su tashi ci suke yi ba ji ba gani don su tara kitse, domin hamadar ta kusa kilomita 2,000 kuma babu wurin kiwo a hanya.

In ka koma, ka duba cikin taɓo inda ruwa ya janye. Akwai wasu masu dogayen ƙafafu da ke kiwo garke-garke, mazan sun fi matan girma sosai, cikin Afrilu wuyan namijin kan fara fito da gashi kamar rawani. Su ma tafiyar ɗaya ce. Haka hana-noma, mai rawayan ciki da ke bin shanu yana kaɗa wutsiya.

Zoben kuwa masu bincike ne ke sawa, lambar ita ce shaidar inda aka kama tsuntsun da ranar. Kowane zobe akwai sunan wurin da ya fito a jikinsa. A nan Najeriya akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, za a iya tura musu hoton. Abin da ya fi ba ni mamaki a karatun nan shi ne a 1969 Turawan Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu ƙwarai, da aka bi diddigi ashe farin da aka yi a Sahel ne ya kashe su a nan wajenmu.

Mai lambu, Ajiwa:

Malam Hedimasta barka da hutawa. Ni dai ban da madubi, amma shekara ashirin ina ban-ruwa a bakin dam ɗin Ajiwa, tumatir da albasa. Agwagin naka na san su, ba su taɓa mini komai ba. Jan-baki ne abokin gabata, shi wannan da zai bi su Rashar da na yi sadaka.

Tsuntsun da nake jira ni shamuwa ce. Ranar da na gan ta a kan tsamiyar unguwarmu tana ɗauko kirare, ranar nake fara kai taki gona. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko da ta yi kuskure bai wuce sati biyu zuwa uku. Kuma Malam, in ka kai ƙarfe bakwai ka makara. Ka zo tun gari bai gama wayewa ba, kafin a tada injinan ban-ruwa, ka zauna gindin bishiya rana na bayanka, kada ka sa farar riga. In kana tsaye ba abin da za ka gani sai bayansu.

Ɗaliba mai karatun dabbobi, Katsina:

Kawu mai lambu, ita ma shamuwar matafiyiya ce, sai dai ita daga kudu take zuwa. Rani take yi can kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, tana bin fara, ta dawo nan ta yi sheƙa da damina. Wato a bazara ake canjin aiki, na arewa na fita ita tana shigowa.

Hajiya mai kiwon kaji, Ƙofar Marusa:

Ni abin da ya tsaya mini a rai yaron nan ne. Don Allah Baba a ja masa kunne, a daina ɗaukar tsuntsun ruwa ana shiga da shi gida, balle wanda aka tsinta a mace. Ba mu manta 2006 ba, da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ta bazu, masu kaji da yawa ba su sake tashi ba. Kai ma in ka dawo daga bakin ruwan ka bar takalminka a zaure in kuna da kaji. Sannan duk mai son zuwa dam ɗin Jibiya ko na Zoɓe kallo, a fara tambayar mutanen wurin halin hanya tukuna.

Tsohon Hedimasta, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya yi albarka. 'Yata, shekara talatin ina zana wa yara taswirar duniya a allo, ban taɓa sanin akwai abin da ke zuwa Daura daga Sibiriya ba tare da fasfo ba.

Malam mai lambu, na bi shawararka jiya, na sa tsohuwar taguwa ruwan toka, na zauna kamar kututture. Masu farar gira biyu kawai suka rage, amma masu dogayen ƙafafun sun matso har ina ganin taɓo a bakinsu. Shamuwa dai ban gani ba tukuna.

Na nemo yaron. Ya ɗaura zoben a zare ya rataya wa ƙanwarsa a wuya, ta ce ba ta bayarwa. Da ƙyar muka shirya a kan alewar naira ɗari ta bari jikana ya ɗauki hoto, sai dai rubutun ƙanana ne, wayar ta ƙi kama shi. Gobe zan koma da gilashin karatuna da biro. Hajiya, saƙonki na isar wa uban yaron.