Tambarin tsohuwar fistol: ta asali ce ko kwafi?

To ga abin da na tsinta a bakin masu tara tsofaffin fistol. Sun ce kar sunan kamfani ya ruɗe ka, fara duba hatimin gwaji a jikin ƙarfen, wato alamar da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bindigar, na Beljiyam dai ELG ne a cikin zobe mai siffar ƙwai, in da kambi a samansa to daga 1893 ne zuwa gaba. Amurka kuwa tun 1891 ta wajabta rubuta ƙasar asali a kayan shigowa, don haka sunan ƙasa a jikin fistol ma zai iya nuna maka zamaninta. Kwafin maƙeran yankin Kaibar, da ke iyakar Pakistan da Afganistan, wallahi dariya suke ba ni, sai ka ga N ɗin ENFIELD (sunan masana'antar bindiga ta Ingila) a juye, ko tambarin Sarauniya Biktoriya da shekarar bayan rasuwarta a 1901. Irinsu kar ka kuskura ka harba, ƙarfen ba tabbas.