Hukumar mafaka ta Jamus (BAMF) ta ƙi ni: lauya, ko in kai ƙara da kaina?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ambulan mai ruwan ɗorawa ta iso, BAMF ta ƙi ba ni mafaka. Shafin ƙarshe ya ce mako biyu gare ni in kai ƙara kotu. Yuro 300 ne duk abin da ke hannuna. In ba lauya, ko in shigar da kaina? Ba maganar Dublin ba ce (dokar mai da mutum ƙasar Turai da ya fara shiga), ba a ɗauki yatsuna a Italiya ba.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. In Dublin ce mako ɗaya ne fa, kuma Italiya za su mai da kai.

Ɗan Damagaram:
Baba, ai na ce ba ita ba ce.

Zango Kumasi:
Ƙanena, ka gode Allah da mako biyun. Mu 'yan Gana mako ɗaya ake ba mu, don Jamus ta sa Gana da Senegal cikin ƙasashen da take cewa lafiya lau suke. Ƙara kaɗai ba ta hana a kwashe mu, sai an haɗa da roƙon gaggawa. Tawa wasiƙar ta zo ina Hamburg wajen suna. Abokin ɗakina ya tura ta ƙarƙashin katifa, wai ajiya. Ranar da na ɗaga katifar, kwanan watan da ɗan fos ya rubuta a jikin ambulan ya kai kwana goma, mako ɗayan ya wuce. Wani lauya ya karɓi Yuro 800, ya ce zai gyara. Tun ranar sakatariyarsa kawai nake ji. Ga ni da Duldung, takardar jinkirta kora, har yau, takalmina a bakin ƙofa nake kwana.

Maman Zee:
Subhanallahi, 800? Nawa lauyan 50-50 yake karɓa duk wata.

Na Gwammaja:
50 ɗin har yaushe, Hajiya? Ki lissafa. Ni 1,500 na biya kafin ranar zama.

Maman Zee:
Ɗan Damagaram, kotun ba ta karɓar ko sisi a shari'ar mafaka, kuma matakin farko ba dole sai da lauya ba. Je ofishin karɓar ƙara na Verwaltungsgericht, wato kotun da aka rubuta a takardarka, su rubuta maka. Irin taka, ƙarar na tsayar da kora har alƙali ya yanke. Hujjoji kana da wata ɗaya. Ka leƙa ƙungiyoyin agaji na Caritas ko Diakonie, shawara kyauta ce.

Na Gwammaja:
Da girmanki Hajiya, ke aure ya ba ki takarda. A bar waɗanda suka tsaya gaban alƙali su yi magana.

Maman Zee:
Kai da ka tsaya, me ka samo?

Sarkin Kam:
Ya samo rasit 😂 Ni dai ina neman tsohuwar Bajamushiya mai tsoron Allah.

Zango Kumasi:
Ku yi dariya. Ina cikin wannan hali, yayana ya aiko min hoton ragon layya da farashinsa.

Baban Hanifa:
Kai rago ne. Ni waya suke so, har da launi aka zaɓa. Ka ce ba ka da izinin aiki, su ce Turai ta canja ka.

Ɗan Damagaram:
To Asabar da Lahadi suna cikin mako biyun?

Na Gwammaja:
Baban Hanifa, wace irin waya?